Ranar da Gaddiyo Ya Ƙi Buɗe Baki

A garinmu, Rijiyar Zaitun, can kan tuddan Ifraimu, idan karsana ta ƙi karkiya, ta yi ta harbi tana karya garma, ba a tsayawa doguwar shawara. Sai dai a ce, "A kai ta gidan Gaddiyo." A zamanin da ake wannan magana, sarakunan Samariya faɗuwa suke daga gado kamar nunannen ɓaure, wannan ya kashe wancan ya hau, wani ya kashe shi. Mu dai namu huɗa da girbi, kuma Gaddiyo shi ne mai horar mana da shanun huɗar.

Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar akushi. Magana kuwa a hankali take fito masa, har abokansa kan ce kafin Gaddiyo ya gama gaisuwa an toya gurasa an cinye. Ya gaji sandar nan mai tsinin ƙarfe daga ubansa, irin wadda kowane manomi ke tsokanar shanu da ita, amma tasa kullum tana jingine a bayan ƙofa. Matarsa Atara ce ke kaɗo ɓaure da ita.

Yadda yake aikinsa ba ɓoyayyen abu ba ne, kowa na gani, sai dai ba kowa ke da zuciyar yi ba. Yana da wani tsohon sa mai farin goshi, ana ce masa Goshi. In an kawo mai taurin kai, sai ya haɗa ta da Goshi a karkiya ɗaya. Ta fizga hagu, ta fizga dama, ta durƙusa, ta tashi, Goshi dai na tafiyarsa, nauyin duk a wuyansa. Gaddiyo na biye yana ta magana ƙasa-ƙasa: "To, 'yar nan, na ji. Na ji. Mu je." In rana ta take, sai ya ɗage musu karkiyar, ya durƙusa gaban mai taurin kan, ya miƙa mata ciyawa da hannunsa, yana shafa inda itacen ya goge mata wuya.

"Kai Gaddiyo," in ji masu wucewa, "wannan da ta kusa fasa maka haƙarƙari da safe, ita kake yi wa durƙuso?"

"Yunwa take ji," in ji shi. Iyakar amsar ke nan.

Atara kuwa masaƙiya ce, doguwa, hannunta da sauri, bakinta ya fi hannun. Allah ya ba su 'ya'ya mata, sai can daga baya namiji guda ya zo, suka sa masa Yorai. Mutanen gari ba su manta yadda yaron ya koyi tafiya ba. A gona ya koya, hannu ɗaya riƙe da jelar uwar Goshi, ɗayan cikin tafin ubansa, Gaddiyo a sunkuye yana ja da baya-baya kamar mai tatsar akuya. Wata rana saniyar ta taka masa hannu, kofato ya bar masa tabo a wuyan hannun dama. Gaddiyo ne ya tauna ganye ya ɗaure masa, ya goya shi har gida.

Yaro ya tashi kyakkyawa, ga murya. In ya rera waƙa a wurin matsar inabi, har tsofaffi sai sun gyaɗa kai. To, muryar nan ita ta kai shi kan tudu. Kun san abin da ake yi a can ƙarƙashin babbar bishiya in an gama girbi: yanka ga gunkin Ba'al, wainar zabibi, ruwan inabi salka-salka, da matan da ba a tambayar gidan ubansu. Rabin garin na hawa, kada wani ya yi muku ƙarya, amma su suna saukowa. Yorai in ya hau sai an je an sauko da shi.

Sannu a hankali kaya suka fara ɓacewa a gida. Yau tulun mai, gobe ulun da Atara ta kaɗa, jibi 'yan kunnen yayarsa. In ya kwana biyu bai dawo ba, Gaddiyo kan ɗauki mayafinsa ya bi sawu. Ya tarar da shi kwance a gindin wata katanga, ya tashe shi, ya karkaɗe masa riga, su taho yana gaba yaron na baya.

"Maigida," Atara kan ce, "ka horar da shanun gari kaf, naka maraƙin ya gagare ka. Sandar nan ta bayan ƙofa, don ɓaure kawai aka yi ta?"

"Zai saba," in ji Gaddiyo.

"Zai saba! Gemu ya fito masa, kana cewa zai saba."

A shekarar da abin ya faru, labarin wani annabi ya cika ƙasa. Mu ba mu taɓa sa shi a ido ba, Hanun mai tallar man zaitun ne ke kawo mana maganarsa, don shi kasuwa-kasuwa yake bi da jakinsa. Hanun kuwa in ya ji mutum sau ɗaya, ya ɗauke muryarsa ke nan. Wata yamma ana hutawa a masussuka bayan an gama sheƙar sha'ir, aka taso shi.

"Hanun, yi mana Sarkin Biko!"

Sunan da aka laƙaba wa annabin ke nan, don an ce matarsa ta bar shi ta bi wasu maza, shi kuwa maimakon ya sallame ta ya huta, sai ya bi ta har inda ta ƙare, ya dawo da ita ɗakinta.

Hanun ya yafa buhu a ka, ya hau kan tarin ƙaiƙayi, ya zare ido, ya karkarwar da murya. "Ku ji, mutanen Isra'ila! Ubangiji ya ce shi ne mijin, ku ne matar! Shi ya ba ku hatsi, ya ba ku mai, ya ba ku ulu, kuka kwasa kuka kai wa kwarto a kan tudu, kuna cewa na gode!"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Eliba, da kai ake, jiya na gan ka kana saukowa!"

"Ubanka ka gani," in ji Eliba, maƙwabcin Gaddiyo, yana jifansa da zangarniya.

"To sai me, Hanun? Sai ya sake mu?"

"Ina fa!" in ji Hanun. "Ai nan ne haukan yake. Sai ya yi ta faɗa, ya ce wuta, ya ce takobi, ya ce mayaƙan Assuriya na tafe. Kana jira ya ce an gama da ku, sai ka ga mutum ya fashe da kuka." Hanun ya dafe ƙirji, ya langaɓe kai. "Wai Ubangiji ya ce, ɗana ne fa. Ni na riƙe hannunsa ya koyi tafiya, bai ma san ni ne ba. Ni nake ɗage masa karkiya in durƙusa in ba shi abinci. Na ɗaga hannu in buge shi, hannun ya ƙi sauka. In bashe shi ga wa? Zan je biko."

"Allah da biko!" in ji wani tsoho, yana share hawayen dariya. "Wannan mutum a ɗaure shi."

"Durƙusa wa saniya kuma," in ji Eliba, "ashe Gaddiyo ya yi abokin sana'a a sama."

Aka sake kecewa. Gaddiyo ma ya yi dariya, don ba mutum ne mai ɓata wa jama'a wasa ba. Amma da ya tashi tafiya gida, sai ya tsaya ya tambayi Hanun a gefe, "Da gaske haka ya ce? Ya durƙusa?"

"Haka ya ce, ɗan'uwa. Ni ƙarin gishirina a murya yake, ba a magana ba."

Ba a daɗe ba Eliba ya kawo wa Gaddiyo wata jar karsana horo. Ita ce dukiyarsa, ya yi shekaru yana tattalinta. Ta fara sabawa ke nan, har tana cin ciyawa a hannu, sai bikin tudu ya zo. Gari ya waye, turke wayam. Kafin azahar kowa ya ji: Yorai ne ya ja ta ya hau da ita, aka yanka ta a gaban gunki, aka yi ta ci ana yi masa kirari.

Da yamma ya shigo gida yana tangaɗi, da furanni a ka. Gaddiyo na can yana ba Eliba haƙuri, Atara ce a tsakar gida tana niƙa. Ta miƙe ta tare ƙofa.

"Amanar mutane ka yanka, Yorai? Abincin ubanka ka yanka?"

"Inna, matsa in wuce."

"Ba inda za ka wuce. Dube ka, kamar ragon biki. Ni na haifi wannan?"

Ya sa hannu biyu ya hankaɗe ta. Ta faɗa kan dutsen niƙa, hannunta na hagu ya karye, goshinta ya fashe. Maƙwabta mata suna kan soro suna shanya ɓaure, a idonsu aka yi.

To, sata ana biya. Amma ɗa ya ɗaga hannu ga uwarsa, wannan a wurinmu ba abin biya ba ne. Washegari dangin saurayin da ke neman autar gidan suka aiko cewa sun fasa. Kashegarinsa kuma Baba Shemida, babban dattawan ƙofar gari, ya zo da kansa, yana dogara sanda. Ya zauna, ya ƙi ruwa.

"Gaddiyo, kai ba yaro ba ne, ka san doka. Ɗan da ya gagari uwa da uba, ƙofar gari ake kai shi. Mun kawar da kai shekara da shekaru saboda kai. Yanzu samarin gari sun zuba ido su ga ko ana dukan uwa a kwana lafiya."

Gaddiyo ya dubi matarsa. Tana zaune jingine da bango, hannu a ɗaure da tsinken kara, fuska a kumbure, ido ɗaya a rufe. Matar da tun da ya aure ta bakinta bai taɓa hutawa ba, yau kwana biyu ba ta ce uffan ba. Wani abu ya taso masa daga ciki wanda bai taɓa ji ba, ko ran da bijimi ya karya masa ƙafa. Ya tashi ya ɗauko sandar bayan ƙofa, ya riƙe ta har jijiyoyin hannunsa suka fito. Da Yorai na kusa a lokacin, da ba a kai ga ƙofar gari ba.

"Za mu kawo shi," in ji Gaddiyo.

"Ke fa, 'yata?" in ji Baba Shemida.

"Ina da 'ya'ya mata, Baba," in ji Atara. "Yau ni ce. Gobe wace ce?"

Aka kulle Yorai a rumbun Eliba. Ranar da aka sa, da hantsi, gari ya taru. Dattawa na zaune kan dakalin dutse a cikin ƙofa, jama'a sun cika hanya har kan katanga. A waje kuwa, gefen kwari, samari sun riga sun tara duwatsun jifa, kowa na ganin tarin ta cikin ƙofar. Aka fito da Yorai. Giya ta sake shi, furanni sun bushe sun zube, sai ƙaiƙayi a gashi. Ya ɗaga kai yana wani murmushin ƙarfin hali.

Yadda ake yi tun kakanni, ba mai taɓa yaron sai iyayensa. Uba ya kama hannu ɗaya, uwa ta kama ɗaya, su kawo shi gaban dattawa. Sannan kowannensu ya faɗa da bakinsa, a gaban jama'a, cewa ɗan nan nasu ya gagara, ba ya jin magana, mashayi ne, sun sallama shi. Sai baki biyun sun faɗa. Daga nan ya fita hannunsu, ya shiga hannun gari.

Atara ta kama hagu da hannunta mai lafiya. Gaddiyo ya kama dama. Suka tako.

"Atara matar Gaddiyo," in ji Baba Shemida, "me kika kawo?"

Ba ta dubi kowa ba. Ta faɗa tiryan-tiryan, murya a bushe kamar mai karanta wa wani saƙo, har zuwa "na sallama shi." Wata mata a kan katanga ta rushe da kuka, aka ce ta yi shiru.

"Gaddiyo ɗan Abiyo, me ka kawo?"

Gaddiyo ya buɗe baki. Maganar tana nan a shirye, ya kwana yana juya ta, kuma babu ƙarya a cikinta ko ɗaya. Sai dai babban yatsansa ya sauka kan wani abu a wuyan hannun yaron, wani ɗan tudu mai lanƙwasa. Tabon kofato ne. A ƙarƙashin tabon jijiya na bugawa da sauri-sauri, kamar ta maraƙin da aka kayar za a ɗaure. Hannun nan ne dai, wanda dā yake ɓacewa ɗungum a cikin tafinsa. Sai ga muryar Hanun a kunnensa, da buhu a ka, da langaɓe kai, da dariyar masussuka duka: in bashe shi ga wa?

Ya rufe bakinsa.

Aka jira. An san Gaddiyo da jinkirin magana, har wani ya ce, "Ku ba shi lokaci, yanzu ya fara gaisuwa." Ba wanda ya yi dariya.

"Gaddiyo," in ji Baba Shemida, "muna sauraro."

"Ranka ya daɗe," in ji Gaddiyo, "duk abin da uwarsa ta faɗa, haka yake."

"To faɗa da bakinka."

"Ba zan faɗa ba."

Ƙofar gari ta ɗauki guna-guni. Baba Shemida ya buga sanda a ƙasa. "Ka ce gaskiya ta faɗa?"

"Gaskiya ta faɗa. Ta ma rage."

"Ya doki uwarsa?"

"Ya doke ta."

"Ya yanka amana a gaban gunki?"

"Ya yanka."

"To me ya rage, bawan Allah?"

"Sallamawar," in ji Gaddiyo. "Ita ce ba ni da ita. Na nema, Baba, tun shekaranjiya nake nema. Na zo nan da niyyar in faɗa. Hannun ne ya ƙi saki."

Eliba ya kutso gaba, jijiyar wuya a tashe. "Wannan wasa ne! Ka tara gari, ka sa matarka ta yi magana, kai ka tsaya kana mana tatsuniyar hannu? Maganar mahaukacin nan ce ta shige ka, Sarkin Biko!"

"Wataƙila," in ji Gaddiyo. "Ni ban san annabci ba, Eliba, shanu na sani. Amma in da gaske ne Ubangiji na da tarin duwatsu a bayan ƙofa saboda mu, kuma har yau bai buɗe baki ba, to ni ba zan riga shi ba. Wa ke nan da bai taɓa hawa tudun nan ba? Naman karsanarka, Yorai kaɗai ya cinye?"

Nan fa wasu suka shiga duban ƙasa, wasu suka shiga gyaran mayafi. Dattawa suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Aka daɗe. Can Baba Shemida ya ɗago, fuskarsa ba ta nuna daɗi ba, ba ta nuna ɓacin rai ba.

"Doka ta ce baki biyu. Baki ɗaya muka ji. Ba mu da iko a kan yaron nan." Ya nuna Gaddiyo da sanda. "Amma tunda ka ƙi sakinsa, to ka riƙe shi da kayansa. Ɓarnarsa a wuyanka take, ta yau da ta gobe. Eliba zai shiga garkenka ya zaɓa har sai ransa ya kwanta."

"Na ɗauka," in ji Gaddiyo.

Atara ta saki hannun da take riƙe da shi, ta zube a wurin. Mata suka kama ta. Ba ta yi wa mijinta magana ba sai da suka shiga gida aka rufe ƙofa, sannan bakin nan da ya yi kwanaki a rufe ya buɗe.

"Ka kyauta! Ka bar ni ni kaɗai na faɗa. Har in mutu, ni ce uwar da ta sallama ɗanta a ƙofar gari, kai ne uban kirki. Ka san ba za ka faɗa ba, ka bar ni na fara?"

"Ban sani ba, Atara. Na rantse da Ubangiji ban sani ba sai da na buɗe baki."

Ta kalle shi da idon nan guda. Sannan ta ce, a hankali, "Da ka faɗa, da ban sake duban fuskarka ba har abada." Ta juya ta ce wa autarta ta ƙara sha'ir a dutse, bakin mutum nawa take gani a gidan.

Eliba ya zo da yamma da igiyoyi. Ya kwashe bijimai, ya kwashe karsana, ya kwashe har maraƙin da bai bar nono ba. Da ya zo kan Goshi, ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya yi tsaki. "Wannan ko mahauci ba ya so. Riƙe abinka."

Kada ku zaci Yorai ya faɗi a ƙafar ubansa yana kuka. Bai yi ba. Ya ci gurasar, bai dubi kowa ba, bai ce wa uwarsa sannu da hannu ba. Kunya ce ko taurin kai, shi ya sani. Bayan 'yan kwanaki aka nemi shi aka rasa. Gaddiyo ya ɗauki mayafi. Yana fita yara suka bi shi suna waƙa, "Mai Biko, Mai Biko, ina amarya?" Sunan ya bi shi ke nan har kabari. Ya samo yaron a wani masaukin fatake kan hanyar Samariya, yana wa mutane waƙa ana ba shi saura. Ya karkaɗe masa riga, suka taho, yana gaba yaron na baya.

Sai ruwan shuka ya sauka. Ƙasa ta yi taushi, kowa ya fita da shanunsa. Ba wanda ya kawo wa Gaddiyo horo a shekarar, wa zai ba da dabbarsa gidan da aka yanka amana? Ga gona, ga garma, ga karkiya mai wuri biyu, ga sa ɗaya. Hanun ya ce zai ara masa jaki, amma a wurinmu ba a haɗa sa da jaki a karkiya ɗaya, kuma Gaddiyo ba zai karya wannan ba. Aron sa kuwa, duk wanda ya tambaya sai ya ce nasa bai gama ba.

Da safe mutanen da ke wucewa suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Goshi a gefe ɗaya na karkiya, a ɗaya gefen Gaddiyo, ya naɗe mayafi ya yi gammo a wuya, ya sa kafaɗa. Atara na riƙe da garma da hannu ɗaya, tana faɗa.

"Tsohon banza, za ka kashe kanka ka bar ni da wa? Hagu! Na ce hagu, kurma ne kai?"

Gonar a kan gangare take, ga duwatsu. Su yi taku kaɗan, garma ta sarƙe, Gaddiyo ya durƙusa, ya tashi. Goshi na juyowa yana kallonsa kamar mai tambaya. Mutane suka taru a bakin hanya. Wasu na dariya, wasu sun kasa.

"Gaddiyo, wa zai ba ka ciyawa in rana ta take?"

"A sa masa sanda, ba ya sauri!"

Yorai na zaune kan katangar gona tun safe, ya juya musu baya, yana fasa ƙananan duwatsu da wani dutse. Duk abin da ake faɗa yana ji. Can garma ta ci karo da saiwa, karkiyar ta fizgo, Gaddiyo ya kife da fuska a cikin laka. Ya yunƙura, hannu ya zame. Ya sake yunƙurawa. Gammon ya warware, aka ga wuyan ya saluɓe, jini na bin ƙeya.

Ba wanda ya ga lokacin da Yorai ya sauko. Sai ganinsa aka yi tsaye a kan ubansa.

"Baba, fita."

"Bari in kai ƙarshen kunyar nan."

"Na ce ka fita, mutane na kallo."

"Sun saba," in ji Gaddiyo.

Yorai ya sunkuya ya ɗage itacen daga wuyan tsohon, ya sa nasa, ko gammo babu. Atara ta dube shi, ta dubi garma, ta miƙa wa mijinta ita, ta koma gindin zaitun ta zauna ta rufe fuska da gyale.

Ai kuwa ba a taɓa ganin mugun ja irin na ranar ba. Ya fizga hagu, ya fizga dama, ya yi gaba da Goshi, ya zage shi, ya zagi duwatsu, ya zagi masu kallo. Goshi dai na tafiyarsa. Gaddiyo na biye da garma, laka har gira, yana magana ƙasa-ƙasa: "To, ɗan nan, na ji. Na ji. Mu je."

Da rana ta take, ya tsayar da su. Ya ɗage karkiyar. Ya zuba wa Goshi ciyawa. Sannan ya kwance ƙullin gurasa da zaitun, ya durƙusa a gaban ɗansa da ke zaune yana haki, ya gutsura ya miƙa masa, ɗaya hannun yana duba inda itacen ya goge masa wuya. Yorai ya kalli gurasar, ya kalli gwiwoyin tsohon a cikin laka. Ya karɓa. Ya kai baki, ya sunkuyar da kai. Masu kallo suka ga ba abin dariya kuma, kowa ya kama hanyarsa.

Ba za a ce daga ranar Yorai ya zama salihi ba. Ya sake zamewa, ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin Mai Biko ya ɗauki mayafinsa, har sai da ƙafa ta gaza, ya koma aika Hanun da jaki. Amma tafiyar na raguwa, dawowar na sauri, har aka kai lokacin da kafin a ɗaura wa jaki shimfiɗa sai a gan shi ya shigo da kansa, yana sunkuyar da kai. Hannun Atara bai miƙe daidai ba har ta tsufa, kuma shi ne ke kaɗa mata ulu, ya zauna kusa da ita tana yi masa faɗa yana cewa, "Na ji, Inna." Autar ta yi aure a wani gari, gidan da ya fi na farko.

Da Gaddiyo ya kwanta ciwon ajali, hannun nan mai tabo ne ya riƙe masa kai, shi ya ba shi ruwa, shi ya rufe masa ido. Tarin duwatsun da samari suka tara a gefen kwari kuwa ba wanda ya kwashe, ciyawa ta rufe shi, awaki na hawa. Shekaru bayan haka, in karsana ta ƙi karkiya a Rijiyar Zaitun, sai ka ji an ce, "A kai ta gidan Gaddiyo," ko da yake Yorai ne a gidan. Kunyoyin huɗarsa ba su taɓa miƙewa kamar na ubansa ba. Amma sandar tana nan a bayan ƙofa, matarsa na kaɗo ɓaure da ita.